KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI: Halin Da Masu Taimakon Bincike Ke Ciki A Jami'o'inmu



Duk wanda ya taɓa riƙe kundin bincike na jami'a, ko ya ga wata maƙala da aka buga da sunan Farfesa wane da Dakta wane, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa: shin wane ne ya shiga ƙauyen? Wane ne ya zauna a zauren mai unguwa tun hantsi yana jiran izini, sannan ya bi gida-gida da takardar tambayoyi a hannu, ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri ko mai karɓar haraji? Wa ya kwana a ɗakin gwaje-gwaje yana gadin kwalabe don kada wuta ta ɗauke aikin wata uku ya lalace? Wa ya mayar da maganar tsohuwa daga Hausa ko Fulatanci ko Barbarci zuwa Turanci, ya zuba lambobin a kwamfuta har idonsa ya yi ja? Amsar a mafi yawan lokuta ita ce wani saurayi ne sa'anka, ya kai mai karatu, wanda ba za ka ga sunansa a bangon littafin ba, in ma ya yi sa'a sai a can ƙarshe cikin jerin waɗanda aka gode wa, tsakanin direba da mai buga takardu.

Wannan saurayi shi ake kira mai taimakon bincike, kuma a kansa nake son mu yi magana yau, domin da yawa daga cikin 'yan'uwa da ke jami'o'i, da waɗanda suka gama bautar ƙasa suna zaune, idonsu yana kan irin wannan gurbi, suna ganin shi ne ƙofar shiga gidan ilimi. Ba su yi ƙarya ba, ƙofa ce. Sai dai an sa mata kwaɗo, an ba wasu tsiraru mabuɗin, su kuwa sauran jama'a an bar musu taga suna leƙe suna kuma yin aikin gidan kyauta.

Bari mu fara da fayyace abin da ake nufi, don kada a ruɗe mu da sunaye. A tsarin jami'o'in Nijeriya malanta tsani ce mai matakai. Matakin farko shi ne wanda suke kira Giraduwet Asistan, wato wanda ya gama digirin farko da sakamako mai kyau, jami'a ta riƙe shi a matsayin ƙaramin malami mai koyon aiki, tana biyansa albashi yana yin digiri na biyu, yana taimaka wa manyan malamai a aji da wajen bincike. Daga nan sai mataimakin lakcara, sai lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, har zuwa farfesa. Ban da wannan kuma akwai wanda ake ɗauka na ɗan lokaci a kan wani aikin bincike da aka samo wa kuɗi, ko daga gwamnati ko daga ƙasashen waje, ya yi wata uku ko shida a sallame shi. Sai kuma na ukunsu, wanda ba shi da suna a kowace takarda, wato ɗalibin da malaminsa ya mayar yaron gida, ba albashi, ba alawus, ba ranar gamawa.

A da, wannan mataki na farko shi ne hanyar da jami'a ke haifar malamanta. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 akasarin malamanta baƙi ne, kuma ta hanyar riƙe zaƙaƙuran ɗalibai ana tura su ƙaro ilimi aka samu 'yan ƙasa suka cika guraben. Haka Bayero ta yi, haka Sakkwato da Maiduguri suka yi. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, ta wannan hanya ya bi: ya gama digirin farko, ya fara koyarwa a Bayero, ya tafi Amurka ya dawo da digirin digirgir a 1985. Tambayi tsofaffin malaman da suka rage, za su gaya maka yadda shugaban sashe da kansa yake aikawa a nemo yaron da ya fi kowa maki, ko da ubansa manomi ne a ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ba wai zamanin ba shi da nasa son kai ba ne, akwai, amma dai akwai ƙa'idar da ake jin kunyar takawa a fili.

To yaushe tsanin ya karye? Ba dare ɗaya ba ne. Tun daga 1986 da gwamnatin Babangida ta rungumi shirin tsuke bakin aljihu na SAP darajar naira ta zube, albashin malami ya zama abin dariya, manyan malamai suka yi ta ficewa, na ƙasa kuwa aka daina ɗaukarsu yadda ya kamata. A 1990 aka kawo bashin Bankin Duniya na dala miliyan 120 don jami'o'in tarayya, da sharuɗɗan da suka haɗa da rage ma'aikata, abin da ya jawo bore a makarantu. Gwagwarmayar malamai ta 1992 ce ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, asusun da a 2011 ya rikiɗe ya zama TETFund. Wannan asusu ya gina azuzuwa, ya tura malamai karatu, ba mai musun haka. Amma ka lura da kyau ɗan'uwa, tallafin ƙaro ilimi na TETFund na wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar ne. Wanda ke waje, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, sai ya fara samun takardar ɗaukar aiki. Ke nan duk wanda ya riƙe ƙofar ɗaukar aiki, shi ya riƙe tallafin, shi ya riƙe digirin digirgir, shi ya yanke wa zai zama farfesa nan da shekara ashirin.

A 2012 gwamnatin tarayya da kanta ta kafa kwamitin duba buƙatun jami'o'in gwamnati ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu. Kwamitin ya ƙirga malamai 37,504, kuma ya ce kusan kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digirin digirgir. Mai hankali zai ɗauka cewa bayan irin wannan rahoto za a buɗe ƙofa a kwaso matasa masu basira a horar da su. Ina! Abin da ya biyo baya shi ne yajin aiki a kan yajin aiki: kusan wata shida a 2013, wata tara a 2020, wata takwas cur a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A tsakiyar wannan kuma aka tilasta wa jami'o'i shiga tsarin biyan albashi na IPPIS, aka wayi gari shugaban jami'a ba ya iya ɗaukar ko da ƙaramin malami ɗaya sai ya tafi Abuja ya bi ofis-ofis yana neman sahalewa. Kowa kuwa ya san abin da bin ofis-ofis a Abuja ke nufi: kowane tebur ka tsaya a gabansa yana da nasa 'yan takara. Ka je neman gurbi goma na sashen kimiyyar sinadarai, ka dawo da jerin sunayen da ba ka san masu su ba. Sai a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i daga wannan tsari, bayan an yi ɓarnar da za a daɗe ana ɗinkewa.

In wani ya ce wannan zargi ne kawai na 'yan zaman kashe wando, sai mu tuna masa cewa a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, kuma a gaban kwamitin, a bainar jama'a, wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Hukumar da aka kafa don ta tabbatar kowane yanki ya sami rabonsa! Sannan a watan Agustan 2025, da gwamnati ke sanar da dakatar da buɗe sabbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, ministan ilimi da bakinsa ya kawo misalin wata jami'a mai ma'aikata 1,200 alhali ɗalibanta ba su kai 800 ba. To jama'a, ashe dai ana ɗaukar aiki. Tambayar ita ce su wa ake ɗauka, kuma don su yi me? In har ana iya cika ofisoshi da mutane har su fi ɗalibai yawa, me ya hana a sami gurbin yaron da ya fito da daraja ta ɗaya a lissafi, wanda yanzu haka yake cajin waya a bakin tasha ko yake jan Keke Napep?

Aikin dai bai fasa ba, a nan ne zaluncin ya fi muni. Ajin da ke da ɗalibai ɗari biyar dole a duba takardun jarrabawarsa. Malamin da ke neman ƙarin girma dole ya buga maƙalu. Kuɗin binciken da aka karɓo dole a kai rahotonsa. Tunda ba a ɗauki wanda zai taimaka da albashi ba, sai aka juya kan wanda ba shi da bakin cewa a'a, wato ɗalibin digiri na biyu ko na uku da kundinsa ke hannun malamin. Shi ne zai duba takardun jarrabawa, shi zai tsaya gadin ɗalibai, shi zai shiga aji ranar da oga ya tafi koyarwar ziyara a wata jami'ar, shi zai zuba man motarsa in yana da ita, wani lokaci har kai yara makaranta da cefane. In ya rubuta maƙala daga guminsa, sunan oga ne a gaba, wani lokaci har da sunan abokin oga da ke neman cike adadin maƙalunsa, wanda bai ma san da me takardar ke magana ba. In ya nuna ɓacin rai, babi na uku zai kwana shekara a kan tebur ba a duba ba. Karatun da aka ce na wata goma sha takwas ne sai ya ci shekara huɗu ko biyar, kowace shekara kuma da sabon kuɗin rajista. Ba na cewa duk malamai haka suke, wallahi akwai waɗanda ke ciyar da ɗalibansu daga aljihunsu, akwai masu cire sunansu daga takarda su ce yaro kai ka yi aikinka. Amma waɗannan kirkinsu ne ya sa, tsarin bai tilasta musu ba, kuma tsarin da haƙƙin mutum ya dogara ga sa'ar haɗuwa da mutumin kirki, sunansa caca.

Na san abin da za a ce, don an sha gaya mana. Za a ce ai hidima ga malami al'adarmu ce, albarkar ilimi a hidima take, ɗalibin zaure ma yana yi wa malam noma yana ɗebo masa ruwa. Wannan magana ana yin ta ne don a rufe bakin yaron da ya taso da tarbiyya, kuma ita ce ta fi ba ni haushi, domin an ɗauki rabin al'adar an jefar da rabi. Malamin zaure da ake yi wa noma, a gidansa ɗalibin ke ci, a zaurensa yake kwana, in ya yi ciwo shi ke jinyarsa, sau da yawa shi ke yi masa aure, kuma bai karɓi kuɗin rajista ba, bai kuma karɓo kuɗi daga wata hukuma da sunan aikin da ɗalibin ya yi ba. In ɗalibi ya sauke littafi malam zai ba shi ijaza da sunansa, ya shigar da shi cikin salsalar malamai. Je ka duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, za ka tarar da yawa a ƙarshensu magatakardan da ya kwafi littafin ya rubuta sunansa, wani lokaci har da na wanda ya kwafa wa. Mai kwafi ke nan fa, ba mawallafi ba! Al'adar da ta kiyaye sunan mai kwafi ita za a kafa hujja da ita a share sunan wanda ya yi binciken? Wanda ke son ladabin zaure sai ya ɗauki nauyin zaure.

Share sunan mai aiki daga wani gidan muka gado shi, kuma tarihinsa a rubuce yake. Akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa, Bajamushe Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, sannan ya tafi da shi Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan mai suna Schön ya zaunar da shi yana tatsar Hausa daga bakinsa. Daga wannan zama aka sami kayan da suka shiga nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Labarin rayuwar Dorugu yana cikin littafin, gaskiya ne, amma bangon na Schön ne, lambar yabo ta Faransa ta Schön ce, digirin girmamawa na Okusfod na Schön ne. Haka littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da Rattray ya buga a 1913: wani Malam Shaihu ne ya zauna ya rubuta shi da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana, amma a laburaren duniya sunan Rattray za ka nema. Haka juzu'i uku na tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta su da alƙalumansu. Wancan zamanin mulkin mallaka ne, mai bindiga shi ke da bango. Abin takaici shi ne yau ɗan ƙasa ne ke yi wa ɗan ƙasa, a jami'ar da aka gina da harajin iyayensu su biyun.

Baƙin ma ba su daina zuwa ba, salo ne ya canja. Tun da rikici ya ɓarke a Arewa maso Gabas, sannan na 'yan bindiga a Arewa maso Yamma, yankinmu ya zama gonar bincike: yunwa, gudun hijira, rigakafi, auren wuri, almajirci. Mai binciken yana Landan ko Washinton, ko kuma yana otal a Abuja saboda dokar tsaron ma'aikatarsa ta hana shi taka hanyar. Wa zai taka? Ɗalibi. Ni kaina, da ban wuce sakandare da Islamiyya ba, an taɓa ɗaukata tafinta tare da wasu ɗaliban jami'a a irin wannan aiki, muka yi kwanaki muna shiga ƙauyukan da direba ke karanta addu'a kafin ya karya kwana. Ba takardar yarjejeniya, ba maganar wa zai ɗauki nauyi in an sace mutum ko mota ta kife, kuɗin da aka yi alkawari da baki aka biya rabi aka ce sauran sai an amince da rahoto. Ɗaya daga cikin ɗaliban shi ya gyara tambayoyin tun farko, domin yadda aka rubuto su da an karanta wa mai gida haka da an kore mu da sanda. Wannan gyara aikin ilimi ne tsantsa, irin wanda ake ba mutum suna a kansa. Rahoton ya fito, mun gan shi a intanet, ba shi a ciki.

Su kansu masu bugun ilimin sun san wannan ɓarna ce. Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci na duniya suka shimfiɗa ta ce mawallafi shi ne wanda ya ba da gudummawa ta haƙiƙa wajen tsara aikin ko tattara bayanan ko fassara su, ya sa hannu a rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda a tuhume shi a kansa, kuma ta ce bai halatta a hana wanda ya yi aikin farko damar shiga rubutun don a sami hanyar cire sunansa ba. Riƙe muƙamin shugaban sashe kawai ba ya sa mutum ya zama mawallafi. A 2022 mujallar Nature, wadda tana cikin manyan mujallun kimiyya na duniya, ta fito da matsayi a kan abin da suke kira binciken jirgi mai saukar ungulu, wato a sauko a kwashi bayanai a tashi ba tare da 'yan ƙasa ba. Malamanmu sun san waɗannan ƙa'idoji sarai, suna ma koyar da su a darasin hanyoyin bincike. Ɗalibin ne ba a so ya gane cewa shi ma sun shafe shi.

Wasu 'yan'uwa kuma sun ɗauka cewa a Turai da Amurka abin alheri ne ake rabawa. A'a. Abin da ke can shi ne takarda. A jami'o'in Amurka ɗalibin babban digiri da aka ɗauka taimakon bincike ko koyarwa yawanci ana rubuta masa awa ashirin a mako, a yafe masa kuɗin makaranta, a ba shi alawus na wata, kuma ana tallata gurbin kowa ya nema. Duk da haka sai da suka yi faɗa. A 2016 hukumar ƙwadago ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Jami'ar Kolombiya cewa irin waɗannan ɗalibai ma'aikata ne, suna da 'yancin kafa ƙungiya. A ƙarshen 2022 kimanin mutum 48,000 a Jami'ar Kalifoniya, akasarinsu ɗalibai masu taimakon koyarwa da bincike, suka ajiye aiki kusan mako shida har aka ƙara musu albashi. Waɗanda ke da takarda da alawus ke nan suka ce bai isa ba. Mu nan ko takardar ba mu kai ga nema ba, muna ta godiya ana ce mana za a duba mu in gurbi ya samu.

Sannan ga maganar ɗaliban digirin farko. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 jami'o'i da dama sun ninka kuɗin rajista, yara suka fara ajiye karatu. Maganin da aka kawo a 2024 shi ne asusun bashin ɗalibai na NELFUND, da alawus ɗin naira 20,000 a wata ga wanda ya nema, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashin ba ruwa a kansa, kuma ya ceci wasu, ba za mu ƙi faɗa ba. Amma wai shin jami'ar da laburarenta ke rufewa da wuri saboda ƙarancin ma'aikata, wadda tsofaffin kundayenta ke ruɓewa ba a mayar da su kwamfuta ba, wadda gonar gwajinta ta zama daji, ba ta da aikin awa goma a mako da za ta ba ɗan talaka ya biya kuɗin makarantarsa da guminsa? 'Yan jami'o'i kaɗan, irin su ta Legas, suna da shirin aiki-da-karatu, sai dai guraben ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan mabuƙata. An fi son yaro ya fita da bashi a wuya a kan ya fita da sana'a a hannu da takardar shaidar cewa ya taɓa aiki.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu, don kada a ce mun ga na wasu mun bar namu. Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin masu tattara bayanai: a ba mutum takarda ɗari ya kai ƙauye, ya sami gindin bishiya ya cike su da kansa, ya ce ai su ma cutarmu suke yi. Ɗan'uwa, wanda ya cuce ka yana ofis, amma wanda ƙaryarka za ta faɗa wa yana ƙauyen. Da waɗannan lambobi ake yanke inda za a kai magani da inda za a haƙa rijiya. In ka rubuta cewa yaran gari sun ƙoshi alhali suna fama da tamowa, kai ka hana su abinci. Haka takardar neman amincewar mutum kafin a yi bincike a kansa, wadda ake miƙa maka a ce ka karanta wa tsoho ya dangwala. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a cikin binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama, aka mayar da kwanan watanta baya. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Baƙin da suka zo ba sa jin Hausa. Duk abin da aka gaya wa iyayen nan, ko aka ƙi gaya musu, ta bakin ɗan gida ya bi. Wannan shi ne nauyin kujerar da kake nema, kuma wanda aka ɗora wa irin wannan amana bai kamata a riƙa biyansa da "Allah ya yi albarka" kawai ba, haka shi ma bai kamata ya sayar da ita don an ƙware shi ba.

Saboda haka duk ɗan'uwan da aka kira irin wannan aiki, kafin ya ɗauki jaka ya tambaya cikin ladabi, ba da tsawa ba: nawa ne, yaushe za a biya, kwana nawa ne, wa ke da alhaki in wani abu ya faru a hanya, kuma ina sunana zai fito? Ya nemi a rubuta, ko da a saƙon waya ne, ya adana. Ya riƙe kwafin duk abin da ya rubuta da kwanan watansa. In an ce masa rashin kunya ne, ya tuna cewa shi malamin bai karɓi kuɗin aikin ba sai da ya sa hannu a yarjejeniya mai shafi da yawa, kuma a cikin kasafin da ya miƙa akwai layin da aka rubuta kuɗin masu taimakon bincike. Kuma kada ya je shi kaɗai. Ɗalibi ɗaya in ya yi magana za a danne kundinsa, amma ɗaliban babban digiri na tsangaya guda in suka rubuta takarda ɗaya zuwa ga shugaban makarantar manyan digiri, ba a iya danne su duka. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke kashe ƙarfinsu wajen rabon kujeru da bin 'yan siyasa da hula a hannu, ga aikin da ya dace da su.

Ita kuma ƙungiyar ASUU, wadda ta shekara da shekaru tana gaya wa gwamnati cewa yarjejeniya abar girmamawa ce tun daga ta 2009, muna jiran ranar da za ta fito da tata yarjejeniyar tsakanin mambobinta da ɗaliban da ke ƙarƙashinsu: iyakar kwanakin da babi zai yi a hannun mai dubawa, haramcin sa suna a maƙalar da ba ka yi wa aiki ba, da wurin da ɗalibi zai kai kuka ba tare da takardar ta koma teburin wanda yake ƙara ba. Shugabannin jami'o'i kuma da suka yi ta kukan cewa Abuja ta ɗaure musu hannu, to an ce an kwance tun Disambar 2023. Muna son mu ga an liƙa sanarwar gurbin Giraduwet Asistan a allon kowane sashe da shafin jami'a, da sharuɗɗansa da ranar rufewa, sannan bayan an ɗauka a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, kowane da darajar digirinsa a gefen sunansa.